Mai kanti a Kumo ya ga farashin dilan Bajoga a shafin da na gina, ina mafita?

Auwal Pantami
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don tun jiya da la'asar hankalina bai kwanta ba.

Akwai wani Alhaji a nan cikin Gombe da ke sayar da kayan masarufi a sari: taliya, sukari, man girki, madara, sabulu. Bara na gina masa kanti a intanet da WooCommerce, manhajar kanti da ake ɗorawa kan WordPress mai gina shafuka. Masu saye a wurinsa kashi uku ne. Akwai manyan diloli masu cika mota, akwai masu kanti da ke ɗaukar katan biyar zuwa ashirin, sai kuma wanda ya leƙo kawai bai yi rajista ba. Kowane kashi da farashinsa. Wanda ya shiga da asusunsa zai ga sunansa a sama, ya ga farashinsa, ya ga bashin da ake binsa.

Shafin yana da nauyi ƙwarai. Duk wanda ya buɗe, sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta shiga rumbun bayanai ta duba wane ne, ta lissafa masa farashi, sannan ta haɗa shafin. Daƙiƙa shida, bakwai. Ranar Litinin idan yaron Alhaji ya tura sanarwar sabon farashi a WhatsApp mutane suka danno tare, sai saba ta durƙushe. Shi ne na sa fulogin (ƙarin manhaja) na ajiye kwafin shafi, kesh ke nan, na kunna shi har ga masu shiga da asusu. Ban lura cewa kwafi ɗaya yake raba wa kowa ba.

Jiya wani mai kanti a Kumo ya buɗe shafin taliya, sai ya ga ana yi wa wani dila na Bajoga barka da zuwa, ga farashin dilan, ga bashinsa ɓaro-ɓaro. Ya ɗauki hoton ya turo wa Alhaji. Nan take na kashe kesh ɗin, amma mun koma gidan jiya, shafin na jan ƙafa. Yaya ake haɗa sauri da nuna wa kowa nasa?

Ishaya
Wa alaikumus salam. Sannu Auwal, Allah ya kyauta gaba. Ni dai shawarata ka bar shi a kashe ga duk wanda ya shiga da asusu, baƙi kawai a ba su kwafi. Yawancin fulogin ɗin WordPress ma haka suke zuwa, da sun ga kukin wordpress_logged_in (kuki alama ce da shafi ke bari a burauzar mutum don ya gane shi) sai su kauce. Masu asusu nawa ne gaba ɗaya?

Auwal Pantami
260 ne. Kayan da ke shafin kuma kusan 900. Damuwar ita ce su 260 ɗin nan su ne kasuwar. Baƙon da ke leƙowa da wuya ya sayi wani abu. In na ba baƙo sauri na bar dila yana jira, ban yi wa Alhaji aiki ba.

Ishaya
To a ƙara wa saba ƙarfi. Mutum 260 ba taro ba ne.

Auwal Pantami
Hayar saba da dala ake biya, kuma a Turai take. Alhaji ya riga ya yi ƙorafi kan kuɗin bana.

Hamma Usman
Auwal ƙanena, kafin maganar fulogin, ka ɗauki takarda da biro ka zauna da shafin nan. Ka raba abin da ke cikinsa gida uku.

Akwai na kowa da kowa: hoton kaya, sunansa, bayaninsa, jerin rukunoni, lambar shago. Wannan kamar masa ce da aka riga aka soya aka tara a tire, duk wanda ya zo a miƙa masa, ba sai an kunna wuta saboda shi ba. Shi ne aikin kesh, kuma shi ne mafi yawan nauyin shafin.

Akwai na rukuni: farashin diloli, farashin masu kanti, farashin baƙi. Shi ma ana iya ajiye shi, sai dai tire uku za ka yi, kuma dole mai miƙawa ya san wa ke gabansa kafin ya ɗauko. 900 sau 3, kwafi 2,700. Wannan ba komai ba ne a wurin saba.

Sai na mutum ɗaya: sunansa, kwandon sayayyarsa, bashinsa, rasit ɗinsa. Wannan ba ya hawa tire ko da wasa. Kai ka haɗa ukun a tukunya ɗaya, shi ya sa wanda ya fara buɗe shafin taliya bayan an share kesh, wato dilan Bajoga, shafinsa ya zama na kowa har lokacin ajiyar ya ƙare.

Tambayar da zan maka ɗaya ce, kuma amsarta ce za ta nuna hanya. Da gaske farashin uku ne? Ko akwai waɗanda Alhaji ke yi wa nasu na daban?

Auwal Pantami
Hamma ka taɓo inda yake ciwo. A rubuce uku ne. Amma akwai mutum goma sha ɗaya da Alhaji ya ce in sa musu nasu a wasu kaya. Dilan Bajoga ma yana cikinsu.

Adda Hauwa
Ni ba injiniya ba ce, atamfa da leshi nake sayarwa a sari, shafina ma ɗaya daga cikinku ne ya gina min. Amma bari in faɗa muku abin da kuke kira matsalar kesh a idon ɗan kasuwa.

Farashin da na ba mutum ba lamba ba ce kawai. Akwai wadda muka shekara goma sha biyar muna hulɗa, ta taɓa ɗaukar kayana lokacin da kasuwa ta mutu, ta biya ba tare da na bi ta ba. Akwai wadda ke biya a take, akwai mai sai bayan sallah. In na sauke wa ta farko ɗari biyu a turmi, ta biyun ba za ta ga shekara goma sha biyar ɗin ba, ɗari biyun kawai za ta gani. Shi ya sa a kasuwa ake jan mutum gefe a yi magana ƙasa-ƙasa.

Bashi kuwa ya fi wannan muni. Dilan nan da aka ga bashinsa, ƙila a garinsu ana ganinsa mai rufin asiri. Yanzu hoton yana wayar wani. Ka san inda zai tsaya? Auwal, kafin ka gyara saba, ka tabbata Alhaji ya kira mutumin nan da bakinsa ya gaya masa, kada ya ji a bakin duniya.

Auwal Pantami
Gaskiya ne Adda. Alhaji ya kira na Kumo ya roƙe shi ya goge hoton, ya ce ya goge. Na Bajoga ne ba a kira ba tukuna, Alhaji na ganin a bar kaza cikin gashinta.

Malam Isa Jekadafari
A'a, a kira shi. Ban da haƙƙin zumunci akwai doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce idan bayanan mutum suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da shi, wanda ke riƙe da bayanan ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da sanin abin, idan haɗarin babba ne kuma a sanar da mai bayanan shi kansa. Suna da bashin mutum bayanansa ne. Alhaji ya nemi lauya ya duba masa ko abin ya kai nan. Kai kuma Auwal ka adana rajistar saba ta kwanakin da kesh ɗin ya yi a kunne, kada ta goge, don a san shafi nawa ne abin ya shafa. Mai yiwuwa ba mutum ɗaya ne ya gani ba, ɗaya ne ya yi magana.

Sadiya
Yaya Auwal kada ka ɗauka kai kaɗai ne abin ya taɓa samu. Ranar 25 ga Disamba 2015 haka ta faru da Steam, babban kantin wasannin kwamfuta na kamfanin Valve a Amurka. An kawo musu harin cunkoso, aka canja dokokin kesh cikin gaggawa don shafin ya tsaya da ƙafarsa, sai mutane suka riƙa ganin shafin asusun wasu, da imel da adireshi da tarihin sayayya. Kamfanin da kansa ya ce abin ya shafi mutum kusan 34,000, cikin kamar awa ɗaya da rabi. Sanadin iri ɗaya ne da naka, neman sauri lokacin da saba ta sha wuya.

Ni da Magento nake aiki, wata manhajar kanti irin WooCommerce, kuma yadda Magento 2 ya tsara abin ya dace da rabon da Hamma ya yi. Akwai kuki mai suna X-Magento-Vary. A cikinsa ake dunƙule rukunin mai saye da irin kuɗin da yake amfani da shi da reshen kantin da yake kallo. Varnish, wanda ke tsaye gaban saba yana raba kwafi, yana haɗa adireshin shafi da wannan kukin kafin ya zaɓi kwafin da zai bayar. Dila ya samu na diloli, baƙo ya samu na baƙi. Suna da kwando kuwa ba sa cikin shafin kwata-kwata. Bayan shafin ya buɗe ne JavaScript, shirin da ke gudana a cikin burauza, ke aika ƙaramar tambaya ta daban zuwa saba, ya karɓo su, ya ajiye a cikin burauzar mai wayar, ya cike gurbin.

Ba cewa nake ka koma Magento ba, ya fi ƙarfin sabar da kake haya. Tsarin za ka ɗauka.

Ishaya
Ba akwai Vary: Cookie ba, umarnin a bambanta kwafi bisa kukin mutum? A sa shi kawai a huta.

Hamma Usman
Ishaya, wannan kan nuna kamar ya yi aiki, amma kashe kesh ne ta bayan gida. Kukin kowane mutum daban yake, akwai lambar zamansa a ciki, akwai na masu ƙidayar baƙi. In ka ce a bambanta kwafi da kuki gaba ɗayansa, kowa zai samu nasa kwafin. 900 sau 260, kwafi 234,000, kuma kusan kowanne sau ɗaya za a buɗe shi kafin ya tsufa. Saba za ta yi aikin da take yi da, ga kuma wahalar ajiya. Abin da ake so shi ne ƙaramin kuki guda mai ɗauke da rukuni kaɗai, ƙimarsa uku ko huɗu.

A nan kuma akwai rami, ku saurara da kyau. In ka rubuta kuki a fili, misali rukuni=dila, duk yaron da ya iya buɗe kayan aikin burauza zai rubuta wa kansa haka, kesh kuma ba ya tambayar kalmar sirri, miƙa masa farashin diloli kawai zai yi. Dole ƙimar ta zama dunƙulalliya da wani sirri da saba kaɗai ta sani, yadda ba a iya ƙirƙirarta da ka. Ko da hakan ma, dila zai iya kwafe nasa ya ba wani. To amma dila zai iya ɗaukar hoton farashin ma ya tura, wannan ba fasaha ce ke maganinsa ba.

Sadiya
Shi ya sa ni a wurin Yaya Auwal zan fi son farashin ma ya fita daga cikin shafin. Tunda akwai mutum goma sha ɗaya masu nasu na daban, gobe kuma za su zama ashirin. Shafi ɗaya tak ga kowa, babu farashi a ciki. In ya buɗe, tambaya ɗaya ta tafi da lambobin kayan da ke kan allo, saba ta duba mai tambayar da gaske, ta dawo da farashinsa. Amsar ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba. Babu rukuni, babu kukin da za a yi jabunsa.

Bappa Dukku
Sadiya ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Ke a ina kike gwada aikinki? A Tumfure da sabis cike. Ki zo Dukku, ko ki bi ƙauyukan da ke bayan Nafada da rana tsaka. Shafi zai buɗe, tambaya ta biyun ta maƙale a hanya, mai kanti ya zauna yana kallon hoton taliya babu farashi. A wurinsa shafin ya lalace ke nan, zai kira waya, kuma gudun kiran wayar ne ya sa aka gina shafin.

Na biyu, da yawansu Opera Mini suke buɗewa don tsimin data. In an sa shi a matsanancin tsimi, ba wayar ce ke gudanar da JavaScript ba, sabar Opera ce ke yi na ɗan lokaci kaɗan ta matse shafin ta aiko. Ajiyar cikin burauza da kika ambata ma ba ta aiki a nan. Na sha ganin shafin da ke tafiya lafiya a Chrome ya zo fanko a can.

Ni ESI nake so. Shafin na cikin kesh da ramuka a jikinsa, saba ce ke cike ramin farashi da na suna kafin ta aiko, waya ta karɓi shafi cikakke a tafiya ɗaya. Ba sabon abu ba ne, tun 2001 Akamai da Oracle da wasu suka fito da shi. Varnish na yi, manhajar saba ta LiteSpeed ma na yi.

Sadiya
Maganar sabis gaskiya ce Bappa, na karɓa. Amma shafin rukuni mai kaya arba'in fa? Rami arba'in ke nan. In kowane rami sai an tashi WordPress daga barci an cike shi, ka ninka wahalar ne. Sai dai a yi rami ɗaya babba, ko ramukan ma a ajiye su bisa rukuni, ka ga mun dawo maganar Hamma.

Kuma Yaya Auwal ka duba wace LiteSpeed ce a sabarka. OpenLiteSpeed, wato ta kyauta, ba ta yin ESI.

Auwal Pantami
Na duba yanzu. Ta kyautar ce.

Bappa Dukku
To ESI ya fita sai in za a sauya saba. Amma ina nan kan bakana, kada farashi ya dogara da tambaya ta biyu.

Adda Hauwa
In tambaye ku. Dole ne sai mutum goma sha ɗayan nan sun ga farashinsu na musamman a kan kowane hoto? Ni manyan masu sayena ba sa yawo cikin shafi suna kallon kaya. Sun san abin da suke so. Abin da suke nema jeri ne guda, kaya da farashi, su rubuta adadi su tura. Masu yawo cikin hotuna ƙananan ne da sababbi.

Hamma Usman
Adda, Allah ya saka da alheri, kin warware abin da muka kwana muna juyawa. Auwal ga yadda zan yi in ni ne.

Shafukan kaya su kasance a kesh, kwafi uku bisa rukuni, farashin rukuni a rubuce cikin shafin yadda na Dukku zai gani ko sabis ya yi rauni. Sama inda suna yake, ka cire sunan, ka sa "Asusuna" kawai. Adadin kayan kwando JavaScript ya kawo, in bai zo ba babu wanda ya yi asara. Bashi ka ɗauke shi daga kowane shafi, ya koma cikin asusu kaɗai. Sannan ka gina shafi guda marar hoto, jerin odar sari, wanda ba ya shiga kesh har abada, a nan kowa zai ga ainihin farashinsa, har su goma sha ɗayan. Tunda babu hoto kuma tambaya ɗaya ce ga rumbun bayanai, zai yi sauri ko babu kesh.

Shafin asusu, kwando, wurin biya da wannan jerin, duk su fita da Cache-Control: private, no-store, wato umarnin kada a ajiye kwafinsu ko'ina. WooCommerce da kansa yana yi wa kwando da wurin biya da asusu alamar kada a ajiye, amma sabon shafin da za ka gina bai san da shi ba, kai za ka sa. Kalmar no-store ɗin tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, domin wayar Alhaji ba ta Alhaji kaɗai ba ce. Yaron shago na riƙe ta, ana barin ta wurin mai caji. Mutum ya fita daga asusunsa, wani ya danna komawa baya, bai kamata bashi ya bayyana ba.

In kana da Cloudflare a gaba, kamfanin da ke tsayawa tsakanin sabarka da masu buɗe shafi, ka sani shi ba ya ajiye shafukan HTML sai an umarce shi. Ka bar shi a haka, ya riƙe hotuna da sauran fayiloli kawai. Suna da saba a Legas, hotunan ba sai sun taso daga Turai ba. Kesh biyu masu ajiye shafi, ɗaya ya san rukuni ɗaya bai sani ba, shi ne hanya mafi sauƙi ta maimaita abin jiya.

Abu na ƙarshe, kuɗin da za a caja a wurin biya saba ce za ta sake lissafa shi daga rumbun bayanai, kada a karɓi lambar da ta fito daga burauza.

Ishaya
Saura sauyin farashi. Kun tuna 2024, sukari da safe daban da yamma daban. In Alhaji ya canja farashi, kwafin da ke ajiye fa? Mai kanti ya ga tsohon farashi, ya zo biya ya ga sabo, rigima ce sabuwa.

Hamma Usman
Tambaya mai kyau. In an canja farashin kaya ɗaya, a share kwafinsa uku duka, da shafin rukunin da yake ciki, da shafin farko in yana can. Fulogin da yawa na yin haka in ta cikin WooCommerce aka canja. Inda ake faɗawa rami shi ne in farashin rukuni na zaune a wani tebur na daban, ko ana loda shi daga Excel kai tsaye, kesh bai ji labari ba. Auwal yaya kuke sa farashi?

Auwal Pantami
Daga Excel ne, duk Litinin da asuba, wani lokaci da tsakiyar mako.

Hamma Usman
To ka ɗaura sharewa a ƙarshen lodin, ta zama aiki ɗaya. Bayan sharewa ka sa wani ɗan shiri ya zagaya manyan shafuka da asusun gwaji uku ya cika kesh, sannan yaron Alhaji ya tura sanarwa a WhatsApp. In ya riga ka turawa, mutum ɗari za su faɗo kan kesh fanko, saba ta sake durƙushewa.

Auwal Pantami
'Yan uwa, ga inda aka kwana bayan kwana huɗu. Alhaji ya kira dilan Bajoga ranar Laraba. Ransa ya ɓaci, ya ce a cire bashinsa daga intanet gaba ɗaya, a riƙa turo masa ta waya. Na cire nasa. Rajistar saba ta nuna shafuka bakwai ne aka ajiye da sunan wani a cikin kwana biyun da kesh ya yi a kunne, mutum uku abin ya shafa, an kira sauran biyun ma, kuma Alhaji ya ba lauyansa takardun kamar yadda Malam Isa ya ce.

Na yi kwafi uku, na cire suna da bashi daga saman shafi, na gina jerin odar. Shafin kaya yanzu bai kai daƙiƙa ɗaya ba a wurina. Na gwada da waya uku, asusu uku, ina share kesh ina canja wanda zai fara buɗewa, kowa nasa yake gani. Na gwada rubuta kukin da hannu, farashin baƙi ya ba ni.

Abin da ya rage, mutum goma sha ɗayan suna ganin farashin diloli a shafin kaya, nasu kuma a jerin oda, biyu sun riga sun kira suna tambaya wanne ne gaskiya. Ina tunanin in yi musu rukuni na huɗu wanda ba a nuna farashi a shafin kaya, sai rubutu "duba jerinka".

Sadiya
Yi hakan. Kwafi 900 ne kawai suka ƙaru.

Bappa Dukku
Turo min asusun gwaji na mai kanti ta akwatin sirri. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga ƙauye, zan buɗe da Opera Mini a ƙaramar wayata in ga jerin odar ko zai tura.

Auwal Pantami
Na tura Bappa. Ka gwada har wurin biya, amma ka tsaya kafin Paystack mai karɓar kuɗi, na gaske ne a kunne.